SHARHI: Dalilin Da Ya Sa Injinan Wanke Kujeru Ke Mutuwa Da Wuri A Gombe

GOMBE: Tun daga ranar 1 ga watan Oktoba, 1996, lokacin da gwamnatin Janar Sani Abacha ta yanke Jihar Gombe daga tsohuwar Jihar Bauci, garin Gombe bai daina faɗaɗa ba. Garin da a da aka fi sani da cinikin auduga da hatsi da tashar jirgin ƙasa ya zama mazaunin ma'aikatun gwamnati da bankuna da otal-otal, aka kafa masa jami'ar jiha a 2004, sa'an nan rikicin Boko Haram ya koro iyalai da 'yan kasuwa masu yawa daga Borno da Yobe da Adamawa suka yada zango a cikinsa. Unguwanni irin su Tumfure, waɗanda a da ake ɗauka bayan gari ne, yanzu sun cika da sababbin gidaje. Kowane sabon gida kuwa da falonsa, kowane falo da saitin kujerunsa, domin sanin kowa ne cewa a ƙasar Hausa da Fulani ba a cika kai amarya ɗaki ba sai da kujeru da kafet.

Wannan bunƙasa ta haifar da wata ƙaramar sana'a da ba a cika ambatonta ba idan ana lissafin tattalin arzikin jihar, wato wanke kujerun kushin da kafet da kujerun mota da inji. Matasa ne suka fi rungumarta. Wasu sun jingina ta da wurin wankin mota, wasu kuma suna ɗora injin a bayan babur ko Keke Napep su bi gida-gida da ofis-ofis, musamman idan Sallah ta gabato ko lokacin bukukuwan aure. Sana'a ce ta halal mai kawo rufin asiri, kuma kasuwarta ba ta ƙarewa, tun da ƙura ba ta ƙarewa a Gombe. Sai dai akwai wani abin takaici da ya zama ruwan dare a cikinta: injin da aka saya da tarin shekara guda, ko da rancen da ba a gama biya ba, sai a tarar da shi a lungun shago an lulluɓe shi da buhu tun bai tsufa ba. Idan aka tambayi mai shi, amsar ɗaya ce, wai injin jabu ne.

Akwai jabun a kasuwa, babu mai musun wannan. Amma idan aka bi diddigin yadda waɗannan injina ke lalacewa, za a ga cewa mafi yawan laifin yana wuyan wuta da ruwa da sabulun da ake ba su, da ƙurar da ake sa su haɗiya, da kuma rashin wanda zai gane ƙaramar cuta kafin ta zama babba. Matsalar ke nan da ya kamata masu sana'ar da masu ba su jari su fuskanta.

Domin fahimtar lamarin, wajibi ne a san yadda injin ke aiki. Irin wanda ƙwararru ke amfani da shi, kamar Puzzi na kamfanin Kärcher na Jamus, ko George na kamfanin Numatic na Ingila, ko na Bissell na Amurka, da takwarorinsu masu araha da ake shigowa da su daga Sin, duk tsarinsu ɗaya ne. Akwai tankin ruwa mai tsabta wanda ake haɗa wa sabulu, akwai ɗan famfo da ke tura ruwan ta siririn tiyo zuwa bakin feshi, akwai kuma moto mai ƙarfi da ke juya fanka ya zuƙo ruwan da dattin da ya narkar ta babban tiyo zuwa tanki na biyu. Puzzi 10/1, alal misali, yana ɗaukar lita 10 na ruwa mai tsabta da lita 9 na ruwan datti. Feshin shi ne abin da ido ke gani, shi ya sa ya fi burge mai gida, alhali ingancin aikin yana wajen zuƙa. Injin da ya fesa lita biyar ya kasa dawo da mafi yawansu bai wanke kujera ba, ya dai tura dattin ciki ya bar soso jiƙe.

Nan ne ma ake fara samun kuskure. Da zarar ƙarfin zuƙa ya ragu, sai mai inji ya yanke hukuncin cewa moto ya gaji, ya fara lissafin kuɗin sabo. Sau da yawa kuwa moton lafiyarsa lau. Inji mai zuƙa yana aiki ne muddin iska ba ta samun hanyar shiga sai ta bakin da aka ɗora a kan kujera, saboda haka ƙaramar tsaga a jikin tiyo, ko robar murfin tanki da ta bushe ta tsattsage saboda zafin bazara, ko murfin da bai zauna daidai ba, kowanne ya isa ya kashe rabin ƙarfin injin. Gwajin bai buƙatar awo: a cire tiyo, a kunna injin, a toshe bakin zuƙa da tafin hannu. Idan ya kama hannun gam, to matsalar tana cikin tiyo ko bakin aiki, inda gashi da zare da ledar alewa kan taru su toshe hanya. Idan bai kama ba, sai a duba robar murfi da matatar da ke kare moto. Akwai kuma wani ɗan ƙwallo a cikin tankin ruwan datti wanda ke tasowa ya rufe hanyar iska idan tanki ya cika, domin kada ruwa ya shiga moto. Wani lokaci kumfa ce ke ɗaga shi tun tankin bai kai rabi ba, ko datti ya maƙale shi a sama, injin ya yi ta ƙugi ba ya zuƙar komai.

Batun kumfa ya kawo maganar sabulu, wanda shi ne babban makashin waɗannan injina a ɓoye. Sabulun da aka yi domin su marar kumfa sosai ne, yana da tsada, kuma ba kowane kanti ke ajiye shi ba. Saboda haka da yawa sukan koma ga garin sabulun wankin tufafi ko ruwan sabulun wanke-wanke. Wannan tattali ne na ganin ido. Garin sabulu ba ya narkewa gaba ɗaya a ruwan sanyi, ragowarsa takan toshe ramin feshi wanda bai fi kan allura girma sosai ba, ta kuma cinye robobin cikin famfo. Kumfarsa kuwa takan tsallake ƙwallon tsaro ta isa moto, inda danshi ke sa tsatsa ya kama boris, wani lokaci ma ya haɗa wuta. Ko kujerar kanta ba ta tsira ba, domin sabulun da ya rage a jikin yadi yana da danƙo, yana kama ƙura, shi ya sa ake jin matan gida suna ƙorafin cewa kujerar da aka wanke da inji ta fi saurin yin datti. Sun faɗi gaskiya, illa dai laifin na sabulun ne da rashin ɗauraya.

Ruwa ma yana da nasa rabon. Madatsar ruwa ta Dadin Kowa da ke kan kogin Gongola ita ce babbar madogarar ruwan famfo na garin, amma gidaje da yawa, musamman a sababbin unguwanni, sun dogara ga rijiyar burtsatse da tankar ruwa da 'yan garuwa. Irin wannan ruwa yakan zo da ɗan yashi, wani kuma yana ɗauke da gishirin ƙasa wanda ke daskarewa ya zama farin ɓawo, irin wanda ake gani a gindin tukunyar mai shayi. Abin da ya yi wa tukunya shi yake yi wa famfo da bakin feshi, musamman a injin da ke da hita. Maganinsa bai taka kara ya karya ba: a tace ruwa da ƙyalle mai tsabta kafin a zuba a tanki, a zagaya da ruwa zalla bayan kowane aiki, a kuma jiƙa bakin feshi a ruwan khal lokaci-lokaci. Abin da ba a so shi ne tsokane ramin da allura ko waya, domin hakan yana faɗaɗa shi, feshin ya koma tsartuwa, ruwa ya yi yawa a wuri guda. Haka nan barin famfo yana aiki bayan tanki ya ƙare yana ƙona shi, ko ya sa iska ta maƙale a ciki har a ɗauka ya mutu.

Sai ƙura. Daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu ko Maris, iskar hunturu tana kwaso ƙura mai laushi kamar gari daga hamada, musamman daga ƙwarin Bodele na ƙasar Cadi, ta baza ta a arewa maso gabashin Nijeriya. Mafi yawan dattin da ke cikin kujera a Gombe busasshiyar ƙura ce, kuma ƙa'idar sana'ar a ko'ina cikin duniya ita ce a fara zuƙe ta a bushe kafin a taɓa ruwa. Wanda ya tsallake wannan mataki don sauri ya kwaɓa taɓo ne a cikin kujerar mutane, sa'an nan ya tilasta wa injin ruwa ya haɗiye shi. Motocin waɗannan injina suna da hanyar iska ta daban mai sanyaya su, ita ma ƙura takan toshe ta sannu a hankali, zafi ya taru, injin ya riƙa ɗaukewa da kansa a tsakiyar aiki. Wannan ɗaukewar gargaɗi ce daga na'urar kariya da ke cikinsa. Wasu masu gyaran gefen hanya sukan cire na'urar su haɗa waya kai tsaye, mai inji ya tafi yana murna an gyara, bayan 'yan makonni koyil ya ƙone ƙurmus.

Dukan waɗannan suna hannun mai sana'a. Wutar lantarki ce ta fi ƙarfinsa. Gombe tana ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na Jos, tare da Filato da Bauci da Binuwai, tun bayan sayar da kamfanonin rarraba wuta ga 'yan kasuwa a Nuwambar 2013. A watan Afrilun 2024, ɓarnar da aka yi wa turakun babban layin wuta na Jos zuwa Gombe ta jefa yawancin arewa maso gabas cikin duhu na makonni, kuma masu ƙananan sana'o'i ne suka fi ji a jika. Ko a lokacin da wuta ke nan, ba kullum take zuwa da cikakken ƙarfinta na bolt 230 ba. Idan ta yi ƙasa, moto ba ya kai gudunsa, zuƙa ta ragu, ma'aikaci ya yi ta maimaita wuri guda, aikin sa'a biyu ya koma na sa'a huɗu. Idan kuma ta dawo da ƙarfi fiye da kima bayan ɗaukewa, injin da aka bari a kunne shi ke fara karɓar bugu. Doguwar siririyar wayar da ake ja daga maƙwabta ita ma tana shanye ƙarfin wutar kafin ta iso.

Da yawa sun koma ga janareta, nan ma akwai tarko. Injin ƙwararru yakan ci wat 1,200 ko fiye, mai hita kuwa ya ninka haka, kuma a daidai lokacin tashi yana jan wuta fiye da yadda yake ja yana cikin gudu. Ƙaramin janaretan nan mai shan haɗin fetur da baƙin mai, wanda ƙarfinsa bai kai wat 1,000 ba, ba zai iya ɗaukarsa ba, tilasta masa kuwa asara biyu ce. Akwai kuma injinan gwanjo da ke shigowa daga Amurka, waɗanda aka ƙera domin wutar bolt 120. Suna da kyau a ido, farashinsu da sauƙi, amma wanda ya jona ɗaya kai tsaye a bangon Gombe ya yi sallama da kuɗinsa cikin daƙiƙa kaɗan, kuma ɗan taransifoman rage wuta da ake sa wa rediyo ko talabijin ba zai ɗauki nauyinsa ba. Ƙaramin allon da ke manne a bayan injin ya faɗi duk wannan, da a ce ana karanta shi kafin a biya kuɗi.

Lissafin kuɗin yana nuna girman abin da ke kan gaba. Inji mai cin wat 1,250 da ya yi aikin sa'a huɗu ya sha yunit biyar na wuta. A farashin Naira 225 kowane yunit da hukumar kula da lantarki ta ƙasa ta amince wa rukunin A a Afrilun 2024, wannan Naira 1,125 ne kacal, kuɗin da aikin kujera ɗaya zai biya. Yin wannan aiki da janareta wani labari ne daban tun bayan da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma haye 1,000 a ƙarshen 2024. Haka kuma sakin Naira ga kasuwa a Yunin 2023 ya kai dala daga wajen Naira 460 a farashin gwamnati zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. Ba a ƙera waɗannan injina a Gombe, kayan gyaransu ma daga waje suke zuwa, saboda haka duk injin da ya mutu bayan wannan lokaci, maye gurbinsa ya ninka abin da aka saye shi. A da ana iya yar da inji a sayi wani. Yanzu wanda ya yar da nasa sau da yawa ya bar sana'ar ke nan.

A nan ne giɓin masu gyara ya fito fili. Gombe ba ta rasa masu naɗin koyil ba, akwai gwanaye da suka shekara suna tayar da fanka da injin ban ruwa da injin niƙa. Sai dai moton zuƙa wani abu ne daban. Fankar sama tana juyi 'yan ɗaruruwa a minti guda, shi kuwa yana haura dubu ashirin, ta yadda ɗan bambancin nauyi a naɗin waya ya isa ya sa shi kakkarwa har ya cinye boris. Abin da ya fi kashe shi ma ƙaramin abu ne: wasu 'yan sandunan kabon guda biyu da ke goga jikin amecha suna ba shi wuta, waɗanda dole su cinye da tsawon aiki. Alamarsu tartsatsi ne da warin ƙuna da sauyin ƙara. Idan aka sauya su da wuri, kuɗin bai kai na cefanen mako ba. Idan aka bar su suka ƙare, sai su kankare amecha, a koma neman moto sukutum daga kasuwar Sabon Gari ta Kano ko ta Alaba a Legas, mai nisan fiye da kilomita 1,000, a jira makonni, wani lokaci kuma abin da zai iso bai dace da injin ba. A tsawon wannan jira Sallah ta wuce, abokan ciniki sun koma wurin wani.

Wani zai ce matashin da ke fafutukar abin kai wa baki ba shi da halin zaɓe, abin da aljihunsa ya kai shi zai saya. Wannan magana ce mai nauyi, kuma ba daidai ba ne a raina injin mai araha don kawai daga Sin ya fito. Akwai masu kyau a cikinsu, wasu ma sun fi manyan sunaye sauƙin samun kayan gyara, domin motonsu iri ɗaya ne da na injina da dama. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado, amma tsada ma ba ta hana inji zama kwandon shara idan robar murfinsa sai an yi odarta daga Turai. Ma'aunin da ya dace shi ne ko za a sami kabon da matata da roba da bakin feshinsa a Kano ko Jos cikin kwana biyu. Wannan tambaya ce da ya kamata mai saye ya yi wa ɗan kasuwa kafin ya tambayi farashi, ya kuma sayi saitin waɗannan ƙananan kayayyaki tare da injin tun ranar farko.

Shi ma mai kujera yana da abin da zai yi asara. Kujerun da kafintocin gida ke haɗawa ba sa zuwa da takardar da ke nuna ko yadin yana jure ruwa, kamar yadda ake samu a jikin wasu na waje. Yadin da ba a gwada shi a ɓoyayyen lungu ba yakan zuba ko ya tsuke, soson da aka cika wa ruwa kuwa yakan yi fumfuna da wari, katakon ciki ya fara ruɓewa. A lokacin hunturu busasshiyar iska tana rufa wa ma'aikaci asiri, kujera ta bushe kafin la'asar. A watan Agusta, lokacin da damina ta yi tsakiya, irin wannan aikin yana iya ɗaukar kwanaki bai bushe ba. Saitin kujerun amarya ɗaya da aka ɓata a unguwa ya isa ya rufe wa mai sana'a ƙofofin layin gaba ɗaya, domin labari a tsakanin matan gida ya fi rediyo gudu.

Hukumomin da ke da hannu a koyar da sana'a suna nan, kuma sun daɗe. Akwai Asusun Horar da Ma'aikata na ITF da aka kafa a 1971 mai hedkwata a Jos, da Hukumar Samar da Aikin Yi ta NDE da ta fara aiki a 1987, da hukumar ƙanana da matsakaitan sana'o'i ta SMEDAN ta 2003, da Bankin Masana'antu. A cikin garin Gombe kanta akwai Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha, wadda koyar da aikin lantarki da na ƙarfe yana cikin aikinta. Al'adar da aka saba gani a shirye-shiryen tallafa wa matasa a ƙasar nan ita ce a tara jama'a a raba kayan aiki a ɗauki hoto, ba a cika komawa bayan shekara guda a ƙirga nawa ne ke motsi ba. Da za a ware wani kaso na kuɗin da ake sayen injina a koya wa masu karɓa kula da su na mako biyu, a kuma horar da wasu daga cikin masu naɗin koyil na gari a kan moton zuƙa da famfon feshi, da amfanin ya wuce masu wanke kujeru, domin irin wannan moto ne a injinan zuƙe ƙura na otal-otal da asibitoci da manyan masallatai.

Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta SON ita ma tana da rawar takawa wajen hana shigo da injinan da aka rubuta musu ƙarfin da ba su da shi, da tilasta wa masu shigo da kaya su tanadi kayan gyara. Su kuma masu sana'ar, idan suka haɗa kai ko da mutum goma ne, za su iya yin odar sabulu marar kumfa da kabon da robobi a dunƙule daga Kano da farashin sari, su ajiye moto ɗaya ko biyu na ko-ta-kwana wanda duk wanda nasa ya tsaya ana gobe Sallah zai ara ya biya daga baya.